Aikin Injin Zubin Ƙarfe: Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Daɗewa, da Inda Sana'ar Ta Dosa

Ranar da na fara aiki a gaban injin zubi, tsohon da aka haɗa ni da shi bai nuna mini madanni ko ɗaya ba. Wani ludayin ƙarfe ya miƙo mini, ya ce in ɗora a bakin tanderu, kada in tsoma shi a narkakken alminiyam sai ya ba ni izini. Na yi tsaye ina kallon ludayi yana shan zafi har ƙafata ta gaji. Na ce, "Baba, ai a bushe yake." Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Yaro, idonka ne ya ce a bushe yake. Ƙarfen bai ce ba tukuna."

Daga baya na gane abin da yake nufi. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura fiye da ninki 1,600, kuma idan narkakken ƙarfe ya rufe ɗigon ruwa, tururin ba shi da hanyar fita sai ta cikin ƙarfen. Sai ya watso shi sama, a fuskar wanda ke riƙe da ludayin. 'Yar laimar da sanyin dare ya bari a jikin ƙarfe, wadda ido ba ya gani, ta isa. Saboda haka duk abin da zai taɓa narkakken ƙarfe, ludayi ne, matsami ne, ko sandunan alminiyam da za a ƙara a tukunya, sai an gasa shi tukuna. Shekara 14 na yi a wannan aiki, kuma da wannan nake fara koya wa duk wanda aka ba ni.

Wane inji ne za a ba ka

"Injin zubi" suna ne mai faɗi. Akwai masu cusa yashi su yi mazubi a zuba baƙin ƙarfe, irin layukan Disamatic da kamfanin DISA na Denmark ya fito da su a shekarun 1960. Akwai masu juya mazubi da gudu su yi bututun ruwa. Akwai masu turo alminiyam daga ƙasa a hankali, da su ake yin yawancin rim ɗin motoci. Akwai kuma manyan injinan masana'antar ƙarfe da ke zubo ƙarfe ba yankewa ana datse shi. Ni nawa shi ne inji mai harba narkakken ƙarfe da matsi mai ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kuma a kansa zan fi tsayawa, don shi na sani ciki da waje.

Mazubin ɓari biyu ne na ƙarfe mai tauri, galibi irin wanda ake kira H13. Ɓari ɗaya a kafe yake, ɗaya yana motsi. Inji ya haɗa su ya danne, fistin ya turo narkakken ƙarfe ciki, a jira ya daskare, a buɗe, wasu tsinkayen ƙarfe su tunkuɗo kayan waje. A faɗe kamar wasa.

Irin wannan inji kashi biyu ne. Na farko tukunyarsa a jikinsa take, famfon harbin yana nutse cikin narkakken ƙarfe ta wani bututu mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Da shi ake zuba tutiya, wadda ke narkewa a wajen digiri 420, da kuma wasu kayan maganisiyam. Yana da sauri ƙwarai. Na biyu tukunyarsa a gefe take, kowane harbi sai an ɗebo ƙarfe da ludayi an zuba a bututun harbi. Shi ne na alminiyam da tagulla. Dalili kuwa, alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma narkakkensa cin ƙarfe yake yi; da za a bar famfo nutse a cikinsa, da ya cinye shi. Idan ka je neman aiki aka tambaye ka bambancin biyun, wannan ita ce amsar, kuma yawancin masu zuwa ba sa iya ba da ita.

Za ka ji ana cewa inji tan 400 ne, ko tan 800, ko 1,600. Ba nauyinsa ake nufi ba, ƙarfin da yake danne mazubi da shi ne. Ka koyi lissafinsa tun yanzu, domin zai cece ka daga gardama da yawa. Ana auna matsi da wani ma'auni da ake kira "ba" (bar a Turance), kuma ba ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. To idan faɗin inuwar kayan, haɗe da hanyoyin da ƙarfe ke bi, ya kai murabba'in santimita 500, kuma kana harbi da matsin da ya kai ba 800, ƙarfen yana ƙoƙarin buɗe mazubin da ƙarfin kusan tan 400. Inji mai tan 400 ba zai riƙe wannan da kyau ba, sai an ba shi rara. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙara matsi yana mamakin me ya sa ƙarfe ke tsartuwa ta tsakanin mazubi.

Hanyar shiga

Ba sai da digirin jami'a ba. Karatun sakandare ya wadatar a yawancin wurare, wanda ya yi makarantar koyon sana'a a fannin ƙira ko kanikanci ko lantarki kuma ya riga saura taki ɗaya. Abin da za a duba a jikinka shi ne ko kana zuwa a kan lokaci, ko za ka iya tsayuwar awa 8 zuwa 12 cikin zafi, da ko kana jin magana.

Kusan kowa daga ƙasa yake farawa: yanke gemun kayan da aka zubo, wato siririn ƙarfen da ya tsartu ya daskare a gefensu, goge su, jera su a akwati, share wuri. Kada ka raina wannan mataki. Wanda ya yi wata 3 yana juya kaya dubbai a hannunsa, yatsunsa suna gane mai aibu tun kafin idonsa ya gani. A wannan lokacin ka koyi abu uku da kanka, ko ba wanda ya sa ka. Karanta zanen injiniya, ka san inda aka ce kauri kaza ne da iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Amfani da kayan awo irin su kalifa da maikuromita har ka iya auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba tare da hannunka ya yi rawa ba. Sai sunayen gaurayen ƙarfe: A380 da ADC12 a ɓangaren alminiyam, Zamak 3 da Zamak 5 a ɓangaren tutiya. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Sanduna biyu za su yi kama ɗaya a idonka alhali gaurayensu daban, kuma idan ka haɗa su a tukunya ɗaya ka ɓata tukunyar gaba ɗaya. Ka duba alamar fenti ko lambar da ke jikin sandar kafin ka jefa.

Karɓar aiki

Ka zo minti 15 kafin lokacinka, ka sami wanda za ka canza yana nan bai cire safar hannu ba. Kada ka tambaye shi "Lafiya dai ko?", domin zai ce lafiya lau, gida yake son tafiya. Ka tambaye shi abin da ya taɓa a saitin inji, sau nawa ya tsaya, kaya nawa ya jefa kwandon shara kuma don me. Sannan ka ɗauki na ƙarshe da ya zubo ka juya shi a hannunka.

Daga nan ka zagaya injin da ƙafarka. Ka duba ƙasa ko akwai ruwa ko man hayidirolik. Ka duba zafin tukunya. Ga alminiyam yawanci tsakanin digiri 650 zuwa 700 ake riƙe shi, takardar saitin kayan za ta faɗa maka daidai. Ka taɓa tiyon ruwan sanyaya mazubi, mai shiga da mai fita, ka ji ko ruwa na tafiya. Ka buɗe ƙofar kariya ka tabbatar inji ya ƙi motsi. Ka kwashe dattin da ke saman narkakken ƙarfe a hankali, ba tare da ka dama shi ba, don damawa na tura dattin ƙasa ya shiga ludayi.

Idan inji ya daɗe a tsaye, mazubin ya huce. Mazubin alminiyam yana son zafi wajen digiri 180 zuwa 250 kafin ya ba da kaya mai kyau. Harbi da cikakken gudu a mazubi mai sanyi yana tsattsaga fuskarsa, kuma mazubi ɗaya na iya fin albashinka na shekaru tsada. Sai a gasa shi, a yi 'yan harbe-harben ɗumama da ƙaramin gudu, a zubar da waɗannan kayan ko da sun yi kyau a ido.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Harbi ɗaya mataki uku ne, kuma rabin sana'ar a nan take. Da farko fistin yana tafiya a hankali, yana tara ƙarfen gaba kamar igiyar ruwa mai lafiya, domin iskar da ke bututun ta riga ƙarfen fita. Idan ya yi sauri, igiyar ta kife ta haɗiye iska. Idan ya yi nawa da yawa, ƙarfen ya fara sanyi a hanya. Sai mataki na biyu, inda fistin ke zabura ya cika mazubin a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A ƙofar shiga, ƙarfen na gudun mita 30 zuwa 50 a daƙiƙa. Na uku, bayan mazubi ya cika, inji ya ƙara danna ƙarfen da matsi mai yawa yayin da yake daskarewa. Wannan dannawar ana yin ta ne saboda alminiyam yana tsukewa idan ya daskare, tsantsarsa da kashi 6 zuwa 7 cikin 100, kuma in ba a cuso wani ƙarfen ya cike gurbin ba, rami zai zauna a ciki.

Injinan yanzu suna zana maka wannan duka a allo, layin gudu da layin matsi. Ka roƙi a nuna maka zanen harbi mai kyau, ka haddace kamanninsa kamar fuskar ɗan'uwanka. Ranar da ya sauya kama, za ka gane kafin kaya su fara lalacewa.

A ƙarshen kowane kaya akwai wani faifan ƙarfe da ya rage a bakin fistin. Ka riƙa auna kaurinsa. In ya yi siriri, ludayi bai kawo isasshen ƙarfe ba, kuma dannawar ƙarshe ba za ta isa cikin kayan ba. In kaurin na hawa da sauka daga harbi zuwa harbi, matsalarka a wajen ɗiba take, kada ka taɓa saitin gudu.

Karanta kayan da ya lalace

A nan ne ake rabe mai danna madanni da mai sana'a. Kowane aibu yana da bakin da yake magana da shi.

Idan ka ga wani layi a fuskar kaya kamar inda ruwa biyu suka haɗu suka ƙi gaurayuwa, ko wani lungu bai cika ba, sanyi ne: ko ƙarfen, ko mazubin, ko gudun bai isa ba, ko ruwan feshi, wanda ake fesa wa mazubi don kada kaya ya liƙe, ya wuce kima a wurin har ya huce. Idan aka yanka kaya aka ga ramuka, ka kalli siffarsu da kyau. Masu zagaye da santsi a ciki, iska ce ko tururi ko haidirojin da narkakken alminiyam ya sha daga laima, wanda shi ya sa ake busa masa naitirojin ko agon a tukunya don a kore shi. Masu kaushi da tsage-tsage, a inda kayan ya fi kauri, tsukewa ce. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan, kuma na ga mutane sun kwana suna ƙara matsi a kan ramin da tushensa toshewar hanyar fitar iska ce, wadda goga da minti 5 za su gyara.

Gemu mai yawa a gefen kaya yana nufin mazubi bai rufu ba: ko wani ɗan ɓarɓashi ya maƙale a fuskarsa, ko matsin ya fi ƙarfin inji. Idan alminiyam ya fara liƙewa a jikin mazubi yana barin kaya da ƙuje, wurin ya yi zafi da yawa ko feshi ba ya kai wa can. Wani abin mamaki, da gangan ake barin ɗan baƙin ƙarfe, wajen kashi 1 cikin 100, a gaurayen alminiyam na wannan aiki, don ya rage masa kwaɗayin cin mazubi. Idan ka ga zane kamar saƙar gizo-gizo ya fito a fuskar kowane kaya, mazubin ne ya tsufa ya tsattsage saboda zafi da sanyi, ba laifinka ba ne, amma ka rubuta ka kai rahoto kafin a ce naka ne. In kuma masu injin gyaran fuskar kaya suka zo suna faɗa wai kayanka na karya musu wuƙa, ka duba ko an bar tukunya ta yi sanyi, domin a nan wani laka mai tauri ke taruwa a ƙasa ya shiga ludayi.

Bari in ba ka labarin wautata. Wani dare a shekarata ta biyu, na'urar ɗaukar hoton ciki ta fara nuna ramuka a wani murfin famfo da muke zubawa. Na ƙara matsi, ba canji. Na ƙara gudu. Na ƙara zafin tukunya. Kafin asuba na taɓa abu biyar, ramukan na nan, ga gemu ya ƙaru, ga liƙewa ta fara, kuma na manta yadda saitin yake tun farko. Da tsoho ya zo da safe, bai kalli allon ba. Ya sa aka tsayar da inji, aka kulle, ya haska tocila cikin mazubin, ya ce, "Zo ka gani." Wani bakin feshi ne ke ɗiga bayan ya gama aikinsa, yana barin ɗigon ruwa a wani lungu kafin mazubi ya rufe. Kwando biyu cike aka mayar tukunya. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce kawai, "Abu ɗaya ake taɓawa, a jira harbi goma, a rubuta." Tun ranar nake yawo da ƙaramin littafi a aljihu, kuma littattafan nan su suka kai ni matsayin mai saita inji, ba wata takardar shaida ba.

Kunne ma kayan aiki ne. Fistin da ya fara cijewa a bututu yana da wata ƙara daban, famfon hayidirolik da ya sha iska yana kuka daban. Wannan ba a koyar da shi a aji, sai dai ka riƙa tambayar tsofaffi, "Oga, wannan ƙarar ta mece ce?"

Abin da ke kashe mutum, da abin da ke cinsa a hankali

Alminiyam mayaudari ne. Baƙin ƙarfe in ya yi zafi yana yin ja ya gargaɗe ka, shi kuwa kayan alminiyam mai digiri 300 kamanninsa ɗaya da mai sanyi. Duk abin da ke kusa da inji ka ɗauka da zafi.

Kada ka sa hannu ko kai tsakanin ɓarin mazubi sai ka kashe wuta, ka sa kwadonka a makunnin, mabuɗin yana aljihunka. Kashe wuta kaɗai bai isa ba, domin akwai tulun naitirojin da ke ajiye matsin harbi, kuma yana nan cike ko da an ɗauke wutar masana'anta duka. Sai an sauke shi. Za ka haɗu da wanda zai nuna maka dabarar ɗaure makunnin ƙofar kariya da waya don aiki ya yi sauri. Ka gode masa, kada ka yi. Kuma kada ka tsaya daidai tsagar da ɓari biyun suka haɗu lokacin harbi, ta nan ƙarfe ke tsartuwa.

Tufafin roba irin su foliyesta suna narkewa su manne a fata, auduga mai kauri ake sawa, da garkuwar fuska da safar hannu busasshiya. Ƙafar wando ta sauko ta rufe bakin takalmi, kada a cusa ta ciki, don ɗigon ƙarfe ya gangare ƙasa maimakon ya sami mazauni a idon sawunka. Kayan aiki mai tsatsa ba ya shiga narkakken alminiyam. Gwangwani ko bututu mai rufaffen baki ba ya shiga tukunya, don ba ka san abin da ke cikinsa ba. Wutar maganisiyam kuwa ba a kashe ta da ruwa, ruwa ƙara mata ƙarfi yake. Akwai garin kashe wutar ƙarfe na musamman, ka san inda aka rataye shi tun ranar farko.

Masu cin mutum a hankali su ne aka fi rainawa. Ƙarar da ta kai desibel 85 tsawon awa 8 tana cin ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ni kunnena na hagu shaida ne. Hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare kamar mura. A masana'antun da ke aiki da yashi, ƙurar silika na taruwa a huhu ta taurare shi, cutar da ba ta da magani. Ka sa abin rufe hanci na gaskiya, ba ƙyalle ba. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya zo.

Inda sana'ar ta dosa

Ba zan ɓoye maka ba, aikin da na fara da shi yana ƙarewa. Da hannu na ɗebi ƙarfe, da hannu na yi feshi, da awartaki na ciro kaya. Yau a masana'anta ta zamani robot ke yin ukun, mutum ɗaya yana lura da inji biyu ko uku. A Amurka, hukumar ƙididdigar ƙwadago tana hasashen raguwar guraben masu aiki da injinan ƙarfe da roba, ko da yake ita ma ta ce za a ci gaba da ɗaukar mutane don maye gurbin masu ritaya da masu barin aikin. Abin da na gani da idona ya yi daidai da haka: hannaye sun ragu, amma neman wanda ya san dalilin aibu ya ƙaru, har ana rasa shi.

Sana'ar ta taɓa ganin irin wannan juyi. Asalin harba narkakken ƙarfe cikin mazubi daga ɗab'i ya fito, a tsakiyar ƙarni na 19, wajen zuba haruffan dalma. Injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda ya fara aiki a gidan jarida a 1886, injin zubi ne da ke fitar da layin rubutu guda. Ya yi kusan shekara 90 yana ciyar da dubban ma'aikata, sai sabuwar hanyar ɗab'i ta zo. Jaridar New York Times ta daina amfani da shi a 1978. Haruffan dalma sun mutu, amma zubin ya riga ya koma motoci da kayan gida. Abin da ake zubawa ne ke sauyawa.

Yanzu ma motoci ne ke juya akalar. Motar lantarki ba ta da gangar inji irin ta motar mai, ba ta da kan silinda, akwatin giyarta ƙarami ne, kuma waɗannan su ne abincin masana'antun zubi da yawa shekara da shekaru. Wanda duk aikinsa gangar inji ce ta baƙin ƙarfe, ya kamata ya fara waige-waige. Sai dai motar lantarkin tana buƙatar gidan batir da gidan injin lantarkin da ke juya tayoyi da akwatunan kayan lantarki, kusan duka na alminiyam, saboda batir na da nauyi dole a rage a wani wuri. A 2020 kamfanin Tesla ya fara zuba ƙasan bayan motarsa Model Y da wani ƙaton inji na kamfanin Idra na Italiya, mai ƙarfin danna wajen tan 6,000, wanda ake kira Giga Press. Abin da a da ake haɗawa daga guntaye kusan 70 ya koma zubi. Daga baya aka yi mai tan 9,000, wasu kamfanonin motoci kuma, musamman a Sin, suka bi sahu. Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mai tsaye a gaban injin: kowane harbi alminiyam ne mai nauyin gomman kilo, kuma in ya lalace ba ƙaramin murfi aka jefar ba, kashi ne babba na jikin mota. Mai irin wannan inji ba zai miƙa shi ga wanda bai iya karanta zanen harbi ba.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga labarai amma ba sa mutuwa: bututun ruwa, famfuna, bawul, faifan birki, murfin magudana, cibiyar injin iska mai ba da lantarki. Ƙasar Sin ita kaɗai tana zuba kusan rabin kayan zubi na duniya, Indiya da Amurka na cikin na gaba-gaba, don haka gasar farashi ba za ta yi sauƙi ba, kuma masana'antar da ke jefar da kaya da yawa ita ke fara rufewa. Sake narkar da tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo, shi ya sa ake ƙara komawa gare shi. Amma tsohon ƙarfe da datti yake zuwa, gaurayensa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai an riƙa ɗibar samfuri ana kai wa na'urar tantance sinadarai. Wanda ya iya wannan na'ura ya ƙara wa kansa daraja. A ɓangaren yashi kuma, an fara buga mazubi kai tsaye da firinta mai fitar da siffa, ba tare da an sassaƙa samfuri ba. A ganina wannan zai fi taɓa masu sassaƙa samfuri da ƙananan oda, ba layin da ke fitar da dubbai a rana ba.

To me za ka koya? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da ni ne mai shekara 20 yau, da zan manne wa masu canza mazubi har in iya ɗaurawa da saitawa ni kaɗai. Zan roƙi a koya mini akwatin hannu da ake sarrafa robot da shi, ko da mayar da shi mazauninsa ne bayan ya tsaya da gyara hanyar feshi, domin inji yakan yi awa guda a tsaye ana jiran mutum ɗaya da ya iya wannan. Zan koyi karanta zanen hayidirolik da saƙonnin kuskure na kwamfutar inji, wadda ake kira PLC. Daga nan hanyoyi na rabuwa: mai saita inji, mai kula da tsarin zubi, mai gyaran mazubi, mai duba inganci, ko shugaban shif. A cikinsu gyaran mazubi ne na fi ganin ana neman mutanensa ido rufe, sai dai yana son haƙuri da hannu mai sanyi. Ka kuma yi lissafin jikinka. Aikin dare da zafi suna da daɗin kuɗi a shekara 25, a shekara 50 gwiwa da baya ne ke biya, don haka ka fara matsawa zuwa aikin kai tun ƙafa na da ƙarfi.

Ranar da aka kira ka ganawa, ka roƙi a zagaya da kai cikin masana'antar, kai ma ka duba su kamar yadda suke duba ka. Kalli ƙasa kusa da tanderu, a bushe take ko da kududdufi. Kalli makunnin ƙofar kariya, ko an ɗaure shi da waya. Kalli ƙugun ma'aikata, ko kowa na da kwadonsa. Sannan ka leƙa kwandon kayan da suka lalace, ka ɗauki ɗaya, bayan ka kara bayan hannunka kusa da shi ka ji ba zafi, ka tambayi mai zagayawa da kai abin da ya same shi. Idan ya juya shi ya nuna maka wurin ya faɗi dalili, akwai wanda zai koya maka aiki a nan. Idan ya ɗaga kafaɗa ya ce haka injin yake yi wani lokaci, ka ajiye kayan, ka tambayi sau nawa suka ɗauki sabon mutum a kan wannan injin a bana.